Hoton da aka gyara: ado ne ko shaidar zur?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ƴan Adam, Ya bambanta harsunansu da launin jikinsu domin su zama aya ga masu hankali. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a zamanin iyayenmu tambayar da ake yawan kawo wa malamai game da hoto ita ce: shin ya halatta a ɗauke shi ko bai halatta ba? Malamai sun yi saɓani, kuma saɓanin yana nan. Daga cikin waɗanda suka halatta akwai Shaihu Muhammadu Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya kuwa rubuta risala sukutum a kan wannan mas'ala. Hujjarsa ita ce mai ɗaukar hoto ba ya ƙera sura da hannunsa kamar mai sassaƙa gunki. Abin da yake yi kawai shi ne tsare inuwar da Allah Ya riga Ya halitta, kamar yadda fuska take bayyana a madubi ko a kan ruwa. A kan wannan hujja ce yawancinmu muka natsu, muka yarda a ɗauke mu domin katin shaida da fasfon zuwa hajji da bukin aure. A kanta ne kuma muka ba hoto wata amana wadda ba mu taɓa ba mai zane ba: idan aka nuna mana hoto sai mu ce mun gani da idonmu.

To, yau wannan hujja tana bukatar a sake duba ta, domin kuwa hannun da Shaihu ya ce ba ya cikin aikin ya dawo ciki, ya dawo kuma a ɓoye.

Gyaran hoto ba sabon abu ba ne. A Tarayyar Sobiyat akwai wani hoto na Stalin yana tafiya a bakin mashigin ruwa na Mosko tare da Nikolai Yezhov, shugaban ƴan sandan asirinsa. Da aka harbe Yezhov a 1940 sai aka goge shi daga hoton, aka cike gurbinsa da ruwa, kamar bai taɓa tsayawa a wurin ba. Amma irin wannan aiki a wancan lokaci sai gwamnati da gwanayenta, da wuƙa da fenti da kwanaki a cikin ɗakin duhu. A watan Fabrairu na 1990 kamfanin Adobe ya fitar da Photoshop, wanda wasu ƴan'uwa biyu Amurkawa, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, sai aikin ya koma kan kwamfuta. Yanzu kuwa ya sauko cikin wayar da take hannun ƴarka. Asirin abin shi ne hoton waya ba komai ba ne face miliyoyin ƙananan ɗigo, kowane ɗigo yana da lamba da take nuna launinsa da haskensa. Wanda ya canja lambar ya canja launin. Manhajar takan gano inda ido yake, da hanci, da haɓa, da leɓe, sa'an nan ta ja wannan, ta matse wancan, ta shafe ƙuraje, ta ƙara haske. Wannan shi ne abin da yara suke kira filta. A da idan mai filta ta gitta hannu a fuskarta sai abin ya zame a gane shi, amma wadda TikTok ya fitar a 2023, mai suna Bold Glamour, ba ta zamewa ko a bidiyo mai motsi. Wayoyi da yawa ma suna zuwa da gyaran fata a kunne tun daga kanti, har mutum ya ɗauki hoton kansa bai san an taɓa shi ba.

Kada wani ya yi gaggawa ya ce ashe duk gyara haramun ne. Adalci wajibi ne ko a kan na'ura, kuma ita kanta na'urar ba ta yi wa baƙar fata adalci ba tun farko. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana aika wa masu wanke hoto wani kati mai hoton mace Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, da shi suke daidaita launi. Sakamakon haka fuskar Bature takan fito sarai, ta baƙin mutum kuwa ta nutse cikin duhu, sai ido da haƙori. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta nuna a 2009 cewa daga cikin abin da ya sa kamfanin ya gyara fim ɗinsa akwai koke-koken masu sayar da kujerun katako da masu cakulan, waɗanda kayansu ba sa fita da kyau a talla. Ku duba fa: katako da alewa aka fara tausaya wa kafin ɗan Adam. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika kasuwanninmu na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ya ci kasuwar Afirka da su shi ne daidaita kyamara ga baƙar fata. Saboda haka wanda ya ƙara wa hoto haske domin fuskar da duhu ya ɓoye ta fito kamar yadda take, ko ya goge ƙurar da ta faɗa kan gilashin kyamara, ko ya ɗinke tsohon hoton mahaifinsa da gara ta ci, wannan kuskuren na'ura ya gyara, ya maido da gaskiya mazauninta. Ba mu ga laifi a kansa ba.

Haka nan ado. Musulunci bai hana kwalli da lalle da turare da shadda mai kyau ba a inda shari'a ta yarda. Tsofaffin masu hoto na ƙasashenmu ma sun san mutum yana son a gan shi cikin kyakkyawar kama. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, yakan ara wa masu zuwa agogo da rediyo da kwat da babur su ɗauki hoto da su. Amma duk unguwa ta san rediyon na mai hoto ne, tun da shi ɗin ne a hoton maƙwabci. Abin aro ne a fili, fuskar kuwa ta mai ita ce.

Ina ne ke nan iyaka? Mu a ganinmu amsar tana cikin babin ciniki, inda malaman fiƙihu suka fi kowa sanin dabarun ɗan Adam. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa ciki, ya ji danshi a ƙasa alhali sama a bushe yake. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Ku lura, mutumin nan bai furta ƙarya da bakinsa ba. Jera kaya kawai ya yi. Haka kuma aka hana a bar raƙuma ko tunkiya kwanaki ba a tatse ta ba domin hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce, aka ba mai saye damar mayar da ita. Duk wanda ya taɓa sayen jar akuya a kasuwar Maraɗi ya san wannan dabara. Abin da aka hana a duka biyun ɗaya ne: a gina wa ido zaton da ba gaskiya ba, a bar shi ya yanke hukunci a kai. To, ma'aunin gyaran hoto ke nan. Mai gyara ya tambayi kansa: da mai kallo zai san abin da na yi wa hoton nan, zai ga na cuce shi ko kuwa zai ce ba komai?

Inda wannan ya fi tsanani shi ne neman aure. Samarinmu da yawa suna ci-rani a Libiya da Aljeriya da Abijan da Legas, kuma maganar aure takan fara ne da hoton da aka tura ta WhatsApp. Annabi (S.A.W.) ya umurci Mugira ɗan Shu'uba (R.A.) da ya je ya dubi matar da yake nema, domin hakan ya fi kusa da dawwamar da ƙauna tsakaninsu. Malamanmu na mazhabar Maliki sun so a dubi fuska da tafin hannu, da sanin yarinyar ko waliyyinta. Hikimar dubawar ita ce a shiga aure da ido buɗe. Idan abin da aka duba fuska ce wadda manhaja ta ƙera, an yi surar sunna an zubar da manufarta.

Akwai wata mas'ala a Mukhtasar na Shaihu Halil wadda ya kamata alƙalai da masu fatawa su yi nazari a kanta da idon wannan zamani. Aibobin da suke ba da zaɓin warware aure ƙididdigaggu ne, kamar hauka da kuturta da albaras. Abin da ba su ba, kamar launin fata ko sanƙo, ba ya ba da zaɓi, sai in an shardanta, kuma Shaihu ya ambata cewa siffantawar da waliyyi ya yi a lokacin neman aure tana iya zama sharaɗi. To, idan siffantawar baki tana da wannan nauyi, ina matsayin hoton da gidan yarinya suka tura suna sane da cewa an sauya launinta da hancinta? Mu muna ganin ya fi maganar baki ƙarfi, domin magana ana iya tuhumarta, hoto kuwa gaskata shi ake yi. Hujja mafi kusa ita ce ta matar nan Ba'ansariya da ta zo wurin Annabi (S.A.W.) ta ce ƴarta amarya ce, ciwo ya zubar mata da gashi, ko za ta iya yi mata ƙari? Uzurinta a fili yake, uwa ce mai tausayin ƴarta, duk da haka bai yarda ba. Daga baya Mu'awiya (R.A.) ya ɗaga wani curin gashi a kan mumbarin Madina, ya tuna wa mutane cewa Annabi ya kira wannan aiki da sunan zur.

Wa yake biyan bashin wannan yaudara? Yarinyar ce. Ita za ta ga fuskar ango ta canja a daren farko, ita za ta ji habaicin dangin miji, alhali da ya gan ta yadda take tun farko, wataƙila da ya so ta a haka, ko kuwa ya tafi wani ya zo wanda zai so ta. Kuma kada maza su gyara zama su ce wa'azin mata ake yi. Wanda ya shafe furfurarsa a hoto ya rage wa kansa shekara goma sha biyar, da wanda ya jingina da motar maigidansa a Tiripoli ya tura gida, duk suna cikin wannan hukunci. Annabi (S.A.W.) ya kamanta mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya, kuma asalin hadisin wata mata ce ta tambaya ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Wannan ita ce rabin hotunan da ake ɗorawa a Facebook da Instagram.

Sai dai akwai wata ɓarna wadda ta fi ta mai kallo zurfi, ita ce wadda take komawa kan mai hoton. Manhaja ba ta ƙawata fuska haka kawai, akwai wata fuska da take jan kowa zuwa gare ta: fata mai haske, siririn hanci, manyan idanu, ƙaramar haɓa. A watan Afrilu na 2017 shugaban manhajar FaceApp ya fito ya nemi gafara, bayan an gano cewa maɓallin da suka yi domin ƙara kyau yana haskaka fatar baƙaƙe. Ya ce hotunan da aka horar da na'urar da su ne suka jawo haka. A watan Nuwamba na wannan shekarar kuma ƴar fim ɗin nan ta ƙasar Kenya, Lupita Nyong'o, ta yi kuka da mujallar Grazia ta Ingila saboda an yanke gashinta na asali a hoton bango an lallashe sauran, har mai hoton ya ba da haƙuri. Idan an yi wa wadda duniya ta sani haka, ina ga ƴar talaka a Tasawa ko Madawa?

Mu kuwa kyau bai taɓa zama fuska ɗaya a ƙasarmu ba. Bahaushe yana yabon wushirya, yana yabon wankan tarwaɗa, yana yabon baƙa mai sheƙi. Zabarmawa suna da hangandi, inda cikar jiki ita ce abin tinƙaho, a daidai lokacin da matan Paris suke hana kansu abinci. Wodaɓe a gerewol suna gasar tsawo da farin ido da farin haƙori, kuma maza ne suke yin adon. Ba muna cewa duk waɗannan al'adu shari'a ta yarda da su ba ne. Tsagar fuska ma malamai sun daɗe suna hana a yi wa yara. Amma kakar da take da tsagar Gobirawa ko ta Arawa, fuskarta ke nan, da ita jikokinta suka san ta, manhaja kuwa tana ɗaukar tsagar a matsayin tabo ta shafe. Yau in ka jera hotunan amare daga Dakar zuwa Jakarta sai ka rantse uwarsu ɗaya.

A da yarinya takan kwatanta kanta da wata mace a mujalla ko a fim ɗin Indiya, ta san wata ce daban. Yanzu da kanta ake kwatanta ta. Waya tana nuna mata fuskarta da haske sau hamsin a yini, ƙawaye suna yabawa, sa'an nan ta je gaban madubi ta ga wadda ba a yaba ba. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, a cikinsu akwai binciken da ya nuna kashi 32 cikin ɗari na ƴan mata sun ce idan suna jin ƙyamar jikinsu Instagram yana ƙara musu. A Ingila da Amurka likitocin gyaran jiki sun ba da labari tun 2018 cewa mutane suna zuwa da hoton kansu mai filta suna neman a yi musu tiyata su koma haka. A wurinmu ba kowa yake da kuɗin tiyata ba, amma man bilicin yana nan a kowane tebur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a wani rahoto na 2011 cewa matan da suke amfani da man ƙara haske sun kai kashi 77 cikin ɗari a Najeriya, 59 a Togo, 27 a Senegal, 25 a Mali. A cikin irin waɗannan mayuka ake samun sinadarin haidurokinon, da zaiba mai lalata ƙoda, da magungunan kotizon masu sa fata ta yi siriri har ɗinkin likita ya ƙi kamawa. Kodebuwa ta hana su a 2015, Ruwanda ta bi kasuwanni tana kwashewa daga 2018. Shafe-shafe ya girmi wayar salula, ba mu musa ba, amma waya ta zame masa ɗan talla wanda ba ya barci.

Wasu masu wa'azi suna cewa filta ita ce canja halittar Allah da aka ambata a Suratun Nisa'i cikin alkawuran Shaiɗan. Mu ba mu kai can ba, domin hoto ba jiki ba ne, kuma bai kamata a faɗaɗa haramci ba tare da hujja ba. Abin da muke cewa shi ne ƙofa ce zuwa can, mazhabarmu kuwa ta shahara da toshe ƙofar ɓarna tun kafin a shige ta. Yarinyar da take wasa da kunnen zomo a hoto tsakanin ƙawayenta, kowa ya san wasa ne. Wadda ba ta iya barin a ga fuskarta sai an gyara, ta fara ƙin abin da Allah Ya ba ta, kuma lallashi da yabon iyaye sun fi yi mata amfani a kan tsawa.

Hoton labari ma bai tsira ba. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza kusa da juna domin su shiga bango. A watan Yuni na 1994 mujallun Time da Newsweek suka buga hoto ɗaya na O. J. Simpson, baƙar fatan da ake tuhuma da kisa, amma Time ta ƙara masa duhu, aka kuwa jera su a kanti kowa ya gani. A 2010 jaridar Al-Ahram ta Masar ta ɗauko Shugaba Mubarak daga bayan tawaga a fadar Amurka ta sa shi gaban Obama. A 2006 kamfanin Reuters ya janye hotuna 920 na wani mai ɗaukar hoto bayan an gano ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut lokacin yaƙi. Hayaƙin gaskiya yana nan, bama-baman gaskiya ne, amma ƙarin da ya yi ya ba masu musun ta'asar abin fakewa. Wannan shi ne mugun abin da gyara yake yi: ba ya tsaya ga shigar da ƙarya, har gaskiya yake jawo wa tuhuma. Tun 2023, da hoton Paparoma Francis cikin farar rigar sanyi ya zagaya duniya alhali na'ura ce ta ƙirƙire shi ba a taɓa ɗaukarsa ba, duk azzalumin da aka kama a hoto yana iya cewa haɗawa aka yi. Umurnin Suratul Hujurati na bincika labari kafin a yi aiki da shi ya hau kan hoto kamar yadda ya hau kan magana, kuma wanda ya tura abin da bai tabbatar ba yana da kaso a cikin abin da ya haifar.

Wasu ƙasashe sun yi doka. A Faransa, tun 1 ga Oktoba 2017, duk hoton talla da aka sirantar ko aka ƙara jikin mai tallar dole a rubuta a kansa cewa an gyara shi, tarar kuwa ta kai yuro 37,500, watau sama da miliyan 24 na kuɗin sefa. Norway ta bi sahu a 2022. Wannan shi ne bayyana aibi da littattafanmu suka wajabta wa mai sayarwa, su sun iso gare shi ta hanyar asibiti. Mu ba sai mun jira doka ba. Mai ɗaukar hoton buki ya tambayi masu shi kafin ya taɓa launin amarya, maimakon ya mai da shi al'ada. Waliyyi ya tura hoton da ba a gyara ba, ya kuma nemi irinsa daga mai nema, in da hali a gana ido da ido a gaban muharrami. Mu maza kuma mu dubi bakinmu: uban da yake kiran ƴarsa ɗaya «fara» da murmushi ya kira ɗayar «baƙa» da tsaki, da saurayin da sharaɗinsa na farko shi ne haske, su ne suka buɗe kasuwar da filta da bilicin suke ci.

Akwai kuma wata bukata da ba a tunawa da ita sai ta zo. Ofisoshin fasfo ba sa karɓar hoton da aka gyara, domin aikin hoton shi ne a gane mai shi. Ranar da yaro ya ɓace a tasha, ko labarin ɗan ci-rani ya yanke a hanyar Agadas zuwa Libiya, iyalinsa za su buɗe waya su nemi hoton da za a nuna wa direbobi da jandarmomi da ma'aikatan asibiti. Kowane gida ya ajiye wa kowane mutum nasa hoto ɗaya wanda ba a taɓa ba, da tabonsa da tsagarsa da launinsa, a kuma sabunta shi duk shekara biyu ko uku, musamman na yara da na masu shirin tafiya.